Wanda Ya Sha Cokalin Turid

A Tangvik, wani garin masunta a tsibiri can arewacin duniya, a shekarun da nake koyarwa a can, kowane gida da abin da ya rasa. Wasu ba su da gawayin da zai kai su ƙarshen hunturu, wasu yara biyu ke karɓa-karɓar takalmi ɗaya, wasu kuma teku ta riƙe musu uba. Rana kuwa tare muka rasa ta. Daga ƙarshen Nuwamba take nutsewa bayan duwatsun kudu, ba ta sake leƙo mu sai Janairu ta yi nisa.

Gida ɗaya ne kowa ya yarda bai rasa komai ba, gidan Arnt Rostad. Shi ke da kanti, shi ke da matsayar jiragen masunta, shi ke da rumfar da ake dafa hantar kifi, a tace mai, a ɗura a ganguna, a aika ƙasashen waje domin ƙashin 'ya'yan mutane ya yi ƙwari. Yana da mata mai suna Edel, wadda duk garin ke kira Madam, da 'ya ɗaya tilo, Turid, da wani muzuru da ake ce wa Kaftin. Suna da fiyano, suna da taga mafi girma a tsibirin, mai kallon kudu. Suna cin farin burodi a ranakun da ba na biki ba.

Abu ɗaya ne babu a gidan: ƙarnin kifi. Madam ce ta kore shi, kuma sai da ta yi aiki tuƙuru, domin rumfar man tana ƙasan tagar ɗakin girkinta. Ba a dafa hanta a tukunyarta. Ba a shigo mata da kifin gwangwani mai maiƙo, balle ɗanye. Idan maigidan ya hau daga rumfa, sai ya tuɓe a zaure ya wanke har gwiwar hannu kafin a buɗe masa ƙofar ciki. A garin da jarirai, da limamin coci, da kuɗin takarda duk ƙarni ɗaya suke yi, Turid ƙanshin sabulu take yi.

A makaranta muna da al'ada. Duk safiyar watannin duhu kowane yaro yana zuwa da cokalinsa daga gida. Su yi layi, in zuba wa kowa man hanta, ya haɗiye, ya yatsine fuska, ya koma mazauninsa. Babu mai so, babu kuma mai tambaya. A shekarar da Turid ta shiga aji, Madam ta zo da kanta, da safar hannu ta fata, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Malama, a cire Turid daga layin nan. A gida muke ba ta nata."

"To, Madam. Amma kullum take sha?"

"Ubanta ke zubawa da hannunsa, a cokalin azurfa. Banda haka kullum sai ta sha lemo. Daga ƙasar Sifen ake kawo mana shi. Kin dai san lemo ai bitamin ne zalla."

Na ce mata bitamin iri-iri ne, na lemo dabam, na hanta dabam. Ta yi mini murmushin da ake yi wa mutumin da bai taɓa fita daga tsibiri ba, ta ce wanda ya fi tsada ai shi ya fi. Tunda dai uba na zubawa da hannunsa, na bar zancen.

Yara ba su bar shi ba. Jorun, 'yar wani masunci mai 'ya'ya da yawa, ita ce sa'ar Turid, kuma bakinta ba ya hutawa. Idan ta haɗiye nata sai ta bi ta gaban teburin Turid ta hura mata iska.

"Shaƙi, gimbiya. Kyauta ne."

"Matsa can, uwar ƙarni. Ko tsuntsayen teku sun gaji da bin ki."

"Gara su bi ni. Ke wa ke bin ki? Ko ƙuda ba ya gane ke abinci ce."

Haka suke, kuma a benci ɗaya suke zama, domin duk lokacin da na raba su sai su yi ta kuka.

Da bazara, lokacin da rana ba ta faɗuwa, Jorun da sauran yara suna wuni a kan duwatsun bakin ruwa, hannu da ƙafa a buɗe, suna juya busasshen kifi, suna kwasar ciyawa, har fatarsu ta yi ja ta koma ruwan ƙasa. Turid tana ɗaki tana koyon fiyano. Idan za ta fita, sai da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, saboda Madam ta ce baƙin rana alama ce ta masu aikin ƙarfi. Haka yarinyar ta shiga kowane hunturu fara sol, ana yaba ta a coci.

Babban abin da yaran Tangvik ke jira shi ne Ranar Rana. Ranar da za ta sake fitowa, makaranta kan rufe, mu hau tudun da ke bayan coci, domin daga can ake fara ganinta. Ana yin rana ta takarda, rawaya, a ɗaura a kan doguwar sanda, yaro ɗaya ya riƙe ta a gaba, kowa na biye. Wanda zai riƙe shi ne wanda ya cika shekara goma daf da ranar, saboda haka sau ɗaya take zuwa wa mutum, wasu ma ba ta zuwa musu. Sharaɗi ɗaya ne, kuma tsofaffi ba sa wasa da shi: mai riƙon rana da ƙafarsa zai kai ƙololuwa. Idan ya gaza, sai ya miƙa wa mai bi masa a haihuwa.

A shekarar da nake ba da labarinta, Turid ce. Mai bi mata kuwa Jorun.

Tun kafin Kirsimeti Madam ta sa aka kawo takardar zinariya daga birni. Ta ɗinka wa Turid jar riga. Turid ba ta da zance sai na sanda: yadda za ta riƙe, yadda ba za ta bar iska ta karkata ta ba. Ni kuwa na fara lura da wasu abubuwa. Idan aka tashi wasa sai ta ce ita za ta tsare riguna. Idan za ta miƙe daga benci sai ta dafa tebur da hannu biyu, kamar tsohuwa. Da na tambaye ta, ta ce ƙafafunta ne ke yi mata tsami, amma Mama ta ce tsawo take yi.

Bayan sabuwar shekara muka fita gwaji, da tsakar rana, lokacin da sararin kan yi ɗan shuɗi. Sandar tsintsiya na ba ta a madadin ta gaskiya. Har garken tumakin wata tsohuwa, Iya Petra, wato kusan rabin hanya, tana gaba. A nan ta tsaya. Ta ce igiyar takalminta ce. Ta daɗe a durƙushe, ba ta taɓa igiyar ba.

Jorun ta tsaya a kanta. "Tashi mana. Ko sai an kawo miki fiyano ki dafa?"

Turid ba ta rama ba. A nan na san abin ya wuce tsawo. Jorun ma ta sani, domin ta bar tsokana, ta karɓi tsintsiyar, ta riƙe ta a kife kamar abin da ba nata ba.

Likitan gunduma, Brekke, yana zuwa a jirgin wasiƙu idan teku ta yarda. Na roƙi Arnt ya kira shi gida, shi kuma ya ce in zo in faɗi abin da na gani. A falon mai babbar taga aka zaunar da mu. An kunna fitilu duka. A kan tebur akwai kwano cike da lemo, an jera shi kamar dala.

Likita dattijo ne mai sanyin magana. Ya taɓa wuyan hannun Turid, ya latsa ƙashin ƙaurinta, ta ɗan yi ƙara. Ya sa ta tsuguna ta miƙe ba tare da dafa komai ba, ta kasa. Ya shafa haƙarƙarinta a hankali.

"'Yata, me kike ci?"

Madam ce ta amsa. Ta lissafa farin burodi, da shinkafa da madara, da miyar gwangwani, da biskit na Ingila, da lemo kullum.

"Kifi fa?"

"Fari, wanda aka wanke sosai. Ran Lahadi."

"Hanta?"

"Likita, nan gida ne, ba rumfa ba."

"Man hanta?"

Arnt ya gyara zama. "Wannan kam ni nake zubawa. Kullum safiya, kafin in sauka kanti. Kuma na farkon tata ne, wanda ko Jamusawa ba na sayar wa."

"Kana ganin ta haɗiye?"

"Ina zubawa in miƙa mata. Uwarta na nan ai."

Madam ta juya tana kallon taga, inda babu abin gani sai duhu da hoton fitilunta. Turid ta sunkuyar da kai.

A daidai nan Kaftin ya shigo. Ban taɓa ganin muzuru irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. A tsakiyar hunturu, lokacin da kyanwoyin gari suka zama kamar tsumman goge ƙasa, shi gashinsa na walƙiya kamar an shafa masa man takalmi. Ƙirjinsa faɗi, ƙafafunsa kamar turmi. Daga bakin ƙofa ya yi tsalle ɗaya ya dira a kan fiyano, ya zauna yana lasar baki.

Likita ya daɗe yana kallonsa. Ya tashi, ya je ya shafa bayansa, ya sunkuya ya shinshina gashin bakinsa.

"Malam Arnt," ya ce, "ina taya ka murna. Manka mai kyau ne. Ga shaida."

Arnt ya dubi muzurun, ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa. "Edel?"

"Ƙarni yake sa ta," Madam ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yana fita ta fata, ta gashi, ta numfashi. Kai ba ka sani ba, kai namiji ne. Ba a taɓa matsawa daga kusa da kai a coci ba."

Duk mun san abin da take nufi, ko da yake ba a faɗinsa a gabanta. Madam ba 'yar birni ba ce. A ƙetaren mashigin ruwanmu aka haife ta, 'yar Nils mai dafa hanta, wanda ya yi rayuwarsa a gaban tukunyar mai. Tana budurwa ta tafi aikatau birnin Bergen, inda uwar ɗakinta ta sa ta kwana a ɗakin ajiyar gawayi har sai ƙarnin ya fita. Ta dawo da harshen birni da alƙawarin da ta yi wa kanta.

Likita ya zauna, ya yi bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya ce ƙashi ba ya ƙwari sai da wani sinadari da ake kira bitamin D. Hanya biyu jiki ke samunsa: fata ta ƙera shi idan rana mai ƙarfi ta taɓa ta, ko kuma a ci shi a kifi mai maiƙo da hantarsa. Wanda aka tara da bazara kan raka mutum wani ɓangare na hunturu, sannan ya ƙare. Turid ba ta tara da bazara ba, saboda hula, ba ta kuma ci da hunturu ba, saboda Kaftin.

"To ai rana ta kusa fitowa," Madam ta ce da sauri, kamar wadda ta ga ƙofar fita. "Ga taga. Babu mai irinta. In zaunar da ita a nan kullum."

"Gilashi yana barin haske ya wuce, amma yana tare abin da muke nema. Ko a waje ma, ranar Janairu ado ce kawai. Tana ƙasa da yawa. Sai wajen Mayu za ta yi wa ƙashi wani amfani."

"Lemon fa?"

"Ta ci gaba da sha. Dasashi yake kiyayewa, ba ƙashi ba, nata kuwa lafiya lau."

Turid ta ɗago kai a karon farko. "Likita, idan na sha, zan iya hawa tudu?"

"Za ki hau, 'yata. Da bazara za ki riga kowa."

"Ranar Rana nake nufi."

Ya shafa kanta. Mutum ne da ba ya yi wa yara ƙarya. "Ƙashi ba ya sauri," ya ce.

Daga ranar Turid ta shiga layi a makaranta da cokalinta na azurfa. Ranar farko ta haɗiye, idanunta suka kawo ruwa, ta miƙo cokalin kuma.

"Malama, ƙara mini."

"Ɗaya ake sha. Yawansa ma cuta ne."

"To ba ni na gobe."

Jorun ta matso ta shinshina ta. "Kai! Sannu da zuwa Tangvik, baƙuwa. Yaushe kika sauka?"

A gida kuma Kaftin ya shiga wani hali. Iya Petra ta ce ta gan shi yana zaune a ƙofar rumfa yana kuka kamar wanda aka kora daga aiki.

Ban hana Turid sa rai ba, ban kuma ƙara mata ba. Na ga tana da wani shiri nata a zuci. Cikin duk bayanin likita, abin da ya zauna mata shi ne rana na warkar da ƙashi. Sauran ta bar wa manya.

Ranar ta zo da sanyi mai yanka kunne, amma sarari tas, ba gajimare. Mata suka kawo burodin rana, mai ƙwai rawaya a tsakiya, da tuluna na cakulan mai zafi a naɗe da barguna. Kifin hunturu ya fara shigowa a makon, saboda haka aka ɗora manyan tukwane a makaranta, na kifi da hanta da ƙwansa, don a ci idan an sauko. Madam ta zo da doguwar rigar gashi da takalmin birni mai tsini. Ba ta taɓa hawa tudun ba tun da ta yi aure. Niyyarta ta tsaya a gindin coci ta ɗaga hannu.

Turid ta karɓi sanda. Ranar zinariya ta yi kyau ƙwarai, har tsofaffi suka ce ba a taɓa yin irinta ba. Muka fara hawa, yara na waƙa. Tana tafiya a hankali, kowa ya rage sauri ba tare da an ce a rage ba. Ta wuce rijiya. Ta wuce inda ake shanya raga. Ina bayanta ina jin numfashinta. Ta wuce garken Iya Petra da ɗan taƙi, kuma na ga ta lura ta wuce. Sannan gwiwoyinta suka ƙi.

Ba ta faɗi ba. Ta kafa sandar a ƙanƙara ta jingina da ita. Waƙa ta mutu. Wani yaro ya ce a bari ta huta, amma gefen dutsen kudu ya riga ya fara ja, rana kuwa ba ta jiran kowa, mintoci kaɗan za ta yi.

Turid ta juya ta nemi Jorun da ido. "Zo ki karɓa, uwar ƙarni. Kada ki karkata ta."

"Ni ban ce ina so ba."

"Wa ya tambaye ki? Karɓi."

Jorun ta karɓa. Layi ya wuce, yara na satar kallon Turid, ita kuma ta zauna a kan dutse da jar rigarta tana kallon takalminta. Na tsaya tare da ita ina tunanin aika wani ya kawo amalanken ɗaukar itace.

Sai muka ji takun mutum daga ƙasa. Madam ce. Ta yar da rigar gashin a kan katangar coci. Takalmin birnin ma babu, ta zura wasu manyan takalman roba na masunta da ta tsinta a ƙofar wani, masu ɓawon kifi a jiki. Ta wuce ni. Ta durƙusa a gaban 'yarta.

"Hau."

"Mama, na yi nauyi."

"Na ɗauki gangar da ta fi ki. Hau, na ce."

Ta goya ta, ta miƙe tsaye cak, ta kama hanya. Ba hanyar da layi ya bi ba, wadda ke zagayawa, a'a, ta miƙe ta gefen da ya fi tsayi, inda awaki ke bi. Ni da na girme ta da kaɗan sai da na riƙa kama duwatsu da hannu. Ita kuwa tana taka ƙanƙara kamar matakalar gidanta. Ta wuce matan masunta, ta wuce limamin coci, ta wuce mijinta da ya tsaya baki buɗe.

Iya Petra, wadda jikokinta ke ja a amalanke, ta bi ta da kallo, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Oho! Yau na ga ƙafafun nan. Na ce ina suka shiga? Ƙafafun gidan Nils ne wallahi. Edel, da lemo aka yi miki su?"

Mata suka fashe da dariya. Na ɗauka Madam za ta yi kamar ba ta ji ba. Sai ta waiwayo, ba ta ko haki, ta amsa da harshen ƙetaren ruwa, wanda ba mu ji a bakinta ba tun dawowarta.

"Da hanta aka yi su, Iya, safe da yamma. Ke da me aka yi naki, da ake jan ki kamar buhun gishiri?"

Dariyar ta ninka. Iya Petra ta fi kowa yi.

Tare suka isa ƙololuwa da Jorun. Madam ta sauke Turid a kan wani faffaɗan dutse mai kallon kudu. Nan take yarinyar ta fara aikin da ta shirya: ta kwance takalmi, ta naɗe safar ulu har ƙasa, ta miƙe fararen ƙafafunta a cikin wannan sanyi.

"Turid, me kike yi?" na tambaya.

"Babu gilashi a nan, Malama."

Kafin in amsa, gefen rana ya ɓullo tsakanin duwatsu biyu, ja kamar garwashi. Yara suka yi ihu. Maza suka cire huluna. Wasu tsofaffi suka share ido suna cewa iska ce. Jorun ta ɗaga sanda sama, sannan ta dubi Turid ta gefen ido.

"Ke, gimbiya, riƙe mini wannan in fyace hanci."

"Sharaɗi ya ce..."

"Sharaɗi ya ce in kawo ta. Na kawo. Bai ce in bar majina ta daskare mini a leɓe ba. Riƙe."

Turid ta riƙe. Jorun ta daɗe tana fyace hancin da babu komai a cikinsa, har rana ta fito rabi, ta tsaya, ta fara komawa.

Na zauna kusa da Turid. Ƙafafunta sun fara shuɗi. Na ce ta taɓa su ta gaya mini ko ta ji ɗumi. Ta taɓa, ta girgiza kai. Na ce ta waiwaya ta dubi inuwarta. Ta waiwaya. Inuwar ta miƙe daga dutsen, ta sauka gangare, ta ratsa garken tumaki, kanta ya ɓace can wajen coci.

"Kin ga tsawonta? Duk lokacin da inuwarki ta fi ki tsawo haka, rana gaisuwa kawai ta zo yi. Sai ta hau sama, inuwa ta gajarce, sannan take shiga fata ta yi aiki."

"To me ya sa muke hawowa?"

"Saboda mun yi kewarta."

Ta zuba wa jan da ya rage a bakin dutse ido. Uwarta ta durƙusa ta ja mata safa, ta ɗaura mata takalmi da ƙarfi, tana faɗa ƙasa-ƙasa a kan yaran da ba su da hankali.

A makaranta tururi ya cika aji, tagogi suka yi gumi, ƙarni ya kama kowace riga. Madam ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa. Matar da ke rabo ta ɗaga ludayi tana tambaya da ido. Madam ta shigo, ta karɓi ludayin daga hannunta, ta leƙa tukunya.

"Wa ya dafa hantar nan? Kun bar ta ta tafasa da yawa. Ba a barin ta ta yi ta bori, tsoma ta ake yi." Ta zuba wa Turid kifi, ta ɗora hanta a kai, ta kwarara romon mai. Ta ɗan tsaya. Sannan ta ɗauki wani kwano ta zuba wa kanta, ta zauna a ɗan bencin yara, gwiwoyinta kusan a haɓa, ta ci da sauri, kai a sunkuye, kamar mai gudun kada a gane tana jin daɗi.

Arnt ya zo ya tsaya a kansu. "Edel, yau sai ki tuɓe a zaure."

"Ka yi mini shiru, Baban Turid."

Turid ta ɗanɗani hantar da bakin cokali. Ta yatsine fuska, ta sake ɗiba. Ta tambaye ni ina kifi ke samun bitamin ɗin, shi da yake ƙarƙashin ruwa. Na ce da bazara rana kan wuni a kan teku, ƙananan halittu su sha ta, ƙananan kifaye su cinye su, manya su cinye ƙananan, su adana a hanta, sannan su iso mana a daidai lokacin da tamu ta ƙare.

Jorun ta ce da cikakken baki, "Wato duk shekarun nan Kaftin ne ke shan ranarki."

Turid ba ta yi dariya ba, tana tunani. Ta dubi ranar zinariya da aka jingine a kusurwa, takardar ta jiƙe da tururi ta fara lanƙwasa. Ta dubi kwanonta.

A ranar Turid ta gane cewa a garinsu ranar da ake hawa tudu a gani ta ido ce kawai, wadda ƙashi ke buƙata da hunturu kuwa a cikin kifi take zuwa, kuma ƙarni take yi.